Ƙafar Sabon Sarkin Kasuwa

Da a ce ranar Alhamis ɗin nan wani ya gan ni ina fitowa daga shagon takalma da kwali a hammata, ya tare ni, ya ƙwace kwalin ya wurga a kwata, da yau ina sa shi a addu'a. Babu wanda ya tare ni. Mutum uku ma barka da sayayya suka yi mini. Abin da ke cikin kwalin nan shi ya fitar da mutum biyu daga kasuwarmu. Ni ne ɗaya, kuma ba ni na fi shan wuya ba.

Sunana Abdulsalami. Kayan ɗinki nake sayarwa, allura da zare da maɓalli da zif da almakashi, har da tef ɗin awo na teloli, a Kasuwar Taku, 'yar tsohuwar kasuwar nan da ke bayan Ƙofar Ran. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. 'Ya'yana biyar, kuma duk abin da suka ci, suka sa a jiki, suka tafi da shi makaranta, daga rumfa ɗaya yake fitowa: ta goma sha biyu a Layin Gabas, ta ƙarshe, wadda ta jingina da katangar kasuwa.

Kasuwar tamu fili ce mai kusurwa huɗu, ko da yake babu kusurwar da ta yi daidai da 'yar'uwarta. A tsakiya akwai wani baƙin dutse da rabinsa ya nutse a ƙasa, a gefensa da ɗan rami kamar an danna dunduniya a cikin tuwo. Daga dutsen nan layuka huɗu suka tashi. Al'adar da muka gada ita ce, in aka naɗa sabon Sarkin Kasuwa, ranar da ya cika kwana takwas zai tuɓe takalmi, ya sa dunduniyarsa a ramin dutsen, ya riƙa jera ƙafa, dunduniyar wannan tana taɓa yatsan waccan. Ƙafa goma, rumfa ɗaya. Inda ta goma ta tsaya sai a buga turke. Haka zai bi kowane layi har kowa ya sami nasa. Sau ɗaya ake yi a sarautar mutum, kuma abin da ƙafarsa ta faɗa ya zauna har ya mutu.

Tsofaffi sun ce da igiya aka fara awon. Sai aka ga igiya tana miƙewa da damina, da rani kuma wani na iya rage ta da wuƙa. Ƙafa kuwa babu mai rage ta ba a gani ba.

Bayan kowane awo sai a matsar da zana da katako da kwanon da suka raba rumfuna. Amma ginshiƙan ƙasa da azarar rufi ba sa matsawa, nan suke zama inda wani tsohon Sarki ya bar su. Shi ya sa a kasuwarmu za ka ga ginshiƙi tsaye a tsakiyar rumfar mai atamfa, yana leƙowa ta bayansa yana ciniki. Akwai mai barkono da indararon maƙwabcinsa ke zuba a kan teburinsa shekara talatin da takwas. Akwai ƙofa mai bakan gizo, kyakkyawa, wadda in ka buɗe ta bango za ka tarar.

Ni ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba sai da babbar 'yata Juwairiyya ta shiga shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine, ta ce a kan kasuwarmu za ta yi kundin bincikenta. Ta ɗauki tef ɗaya a rumfata, ta yi wata biyu tana auna tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Wata rana ta shimfiɗa mini babbar takarda a kan kwalayen zare.

"Baba, kasuwar nan fa ba gini ba ce, sawun matattu ne. Ga ƙafar Sarki na fari. Ga ta wanda ya gaje shi, ɗan gajere ne. Wannan kuma, a Layin Kudu, da alama ya gaji bayan azahar, ya fara barin rata tsakanin ƙafa da ƙafa."

"To mu ina muke?"

Ta sa biro a kan rumfata da ta maƙwabciyata Roda, mai tumatir da albasa, 'yar wajen Bogoro, wadda ta gaji rumfa ta goma sha ɗaya daga mahaifiyarta kamar yadda na gaji tawa daga mahaifina.

"Ku ai ba ku cikin asalin kasuwar. Rumfa goma ce a layin nan. Ƙafar Sarki Muktar ce ƙarama, inci goma cif, da ya gama auna goma sai fili ya rage, aka yanka biyu aka ba kakana da maman Anti Roda. Ku 'ya'yan ƙaramar ƙafa ne, Baba."

Na yi dariya ranar. Bayan sati uku Sarki Muktar ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka rufe shi da ƙafafunsa duka biyu.

Mutum biyu suka fito neman sarautar. Akwai Fakhruddeen mai turare, ɗan siriri, ƙafarsa kamar ta ɗan firamare. Akwai Babayo mai kanwa da igiyar shanu, dogon Bafulatani, mai kunya, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A kwanakin nan babu wanda ya yi maganar gaskiya ko riƙon amana. Duk inda ɗan takara ya wuce, ƙasa ake kallo. Babbar ƙafa na nufin babbar rumfa, kuma sauran layuka ukun ba su da damuwa, don na Yamma ya ƙare a gindin tsamiya, na Kudu a filin da 'yan keke ke fakawa, na Arewa a juji. Ko Sarki ya zo da ƙafar raƙumi akwai inda za su faɗa. Layinmu ne kawai ke da katanga a gaba.

Fakhruddeen da ya ga inda mutane suka karkata sai ya fara sa takalmin yayansa, ya cusa jarida a ciki. Ranar zaɓe yana hawa kan benci zai yi jawabi, ɗaya ya suɓuce ya bar shi da safa. Aka ɗaga hannu. Mutum uku suka zaɓe shi: shi kansa, da ni, da Roda.

Washegarin naɗi na bi Babayo masallaci da tef a aljihu. Na jira ya gama alwala ya taka siminti, na tsuguna a kan jiƙaƙƙen sawunsa. Kafin in warware tef ɗin rana ta shanye yatsun. Na sake gwadawa da la'asar, ladan ya tsaya a kaina.

"Malam Abdulsalami, wani abu ya faɗi ne?"

"Allura."

"Da tef ake neman allura yanzu?"

Amma na samu. Inci goma sha ɗaya. Na kai wa Juwairiyya, ta danna wayarta sau uku ta ɗago.

"Anti Roda za ta tsira, ɗan abin da za ta rasa bai kai kwandon albasa ba. Kai kuma, Baba..."

"Faɗi."

"Kana bayan katanga. A lungu. Inda keke ke wucewa."

Na zauna a kan kwalin maɓalli. Na tuna ƙannenta huɗu, biyu suna sakandare, autar ko karatun ba ta fara sosai ba. Mutum mai shekara arba'in da tara, wanda abin da ya iya a duniya shi ne bambanta allurar keke da ta hannu ido a rufe, ina zai je?

Na tafi wurin Malam Nu'uman. Shi ne dattijon kasuwa, mai sayar da tabarma, ya haura tamanin, ya ga awo biyu da idonsa, kuma duk dokar awon a kansa take, babu ita a takarda. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, ba za a iya farawa daga katanga a nufo dutse ba?"

"Ramin dunduniya a dutse yake. Ka ga rami a katanga?"

"To a yi ƙafa tara-tara mana a layinmu."

"Goma."

"In Sarki ya ɗan lanƙwasa yatsunsa fa?"

Ya tauna goronsa. "In da gangan ya lanƙwasa, ha'inci ne. In haka yatsun suke ranar, to haka suke. Mu ƙafar da ta zo ranar awo muke karɓa."

Wannan maganar ita ta kashe ni. Ina komawa rumfa na cire silifas na kalli nawa yatsun. A lanƙwashe suke kamar ƙugiya, tun ina firamare, saboda shekara uku da na yi ina sa sandal ɗin da ya yi mini kaɗan. Na ce a raina, abin da ya yi wa yaro a shekara uku a hankali, in aka matsa sosai me zai hana ya yi wa babba a kwana biyar? Inci ɗaya kawai nake nema. Inci ɗaya.

Roda tana yayyafa wa tumatir ruwa ta dube ni.

"Baban Juwai, me ya sa kana murmushi kai kaɗai?"

"Babu komai."

"Don Allah kar ka yi dabara. Ranar da ka yi dabarar ɓera da kananzir, sati biyu albasa na yana warin fitila."

"Ke dai ki sa ido."

"Shi ne abin da nake tsoro."

Ranar Alhamis na sayo takalmi sau-ciki, baƙi, mai sheƙi, mai tsinin baki, fatarsa da tauri kamar ƙwarya. Babayo lamba arba'in da huɗu yake sawa. Na sayi arba'in da ɗaya. Na kai masa a gaban mutane, na rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga ɗan abin taya murna. Sarki bai kamata ya riƙa yawo da takalmin roba ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. "Mi yetti, Malam Abdulsalami. Na gode. Kai da ba ka zaɓe ni ba ma."

Nan take ya zauna zai gwada. Ya tura, ya tura. Jijiyar wuyansa ta tashi. Aka kawo cokali aka zura ta baya, ƙafar ta shige da wata ƙara kamar an toshe bakin tulu. Ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya yi?" in ji wani.

"Ya yi," in ji Babayo. "Yana riƙe ƙafa sosai."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kunyarsa. Na ɗauka zai sa na awa ɗaya ko biyu a rana, ya cire ya huta. Ashe a wurinsu, in mutum ya yi maka kyauta a gaban jama'a, ka nuna ta dame ka, ka ci mutuncinsa ke nan. Kuma makon gaisuwa ne. Da takalmin nan ya je GRA gaishe da manya. Da shi ya je Zungur wurin 'yan'uwansa, aka ce daga bakin titi zuwa rugar tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙasa. In ya cire don salla sai mutum biyu sun taya shi mayarwa. Kullum sai ya biyo ta gaban rumfata don in gani, yana takawa kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Ranka ya daɗe, ya takalmi?"

"Alhamdulillahi."

"Ba ya matsi?"

"Kai, ina! Har an fara sabawa."

Ni kuma sai in ji daɗi, in ce yatsu sun fara jin magana.

Ranar Litinin da yamma takalmin ya ƙi fita. Na je salla lokacin, na bar wa Roda rumfa. Da na dawo ta ce an sayi almakashi ɗaya, babba, na yankan yadi. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Talata da hantsi, ranar awo, kasuwa ta cika. Masu rumfuna sun fito da turaku da guduma. Juwairiyya ta zo da takardarta da tef. Sai ga keke ya shigo har gindin dutse, abin da ba a taɓa bari ba. Aka riƙo Babayo ya sauko. Ƙafafunsa biyu an naɗe su da farin bandeji, an cusa auduga ta gaban yatsu da ta dunduniya. Kowace ta zama kamar gammo.

Kowa ya zuba wa ƙafafun ido. Daga nan 'yan kusa da dutse suka fara kabbara.

Na ruga wurin Malam Nu'uman. "Malam, a ɗaga awon nan! Ba shi da lafiya!"

"Kwana takwas ne. Ba a ɗagawa."

"To a kwance bandejin!"

"Mai kemis ya ce in aka kwance, ƙafar za ta ruɓe," in ji ƙanin Babayo.

"Ai bandeji ba ƙafa ba ne!" na faɗa da ƙarfi. Fakhruddeen ya goyi bayana, shi da aka kama da jarida. Mai atamfa ya ce bandeji ƙafa ne tunda a jikinta yake kwana. Wani ya ce to safa fa? Wani ya ce kaushi fa, shi ma a kankare shi? Aka yi ta musu har wani ya cire nasa takalmin yana nuna misali.

Malam Nu'uman ya ɗaga sandarsa.

"Ina yaro aka naɗa Sarki Badruddeen. Shekarar kurkunu ce. Ƙafarsa ta kumbura, aka naɗe ta da tsumma da ganye, a haka ya yi awo, dattawan lokacin suka karɓa. Takalmi ne kawai aka ce a tuɓe. Wannan takalmi ne?"

"A'a!"

"To ƙafa ce. Bismillah, Sarki."

Babayo ya sa dunduniyar audugarsa a ramin dutsen. Kowane taku sai ya ciji leɓe. Ya yi Yamma, ya yi Kudu, ya yi Arewa, mai rumfar ƙarshe a can ya sami rabin juji yana ta godiya. Sai aka juyo Gabas. Juwairiyya ta tsuguna ta ɗora tef a kan sawun.

"Inci goma sha biyu," ta ce da ni a hankali.

Aka buga turke na farko, sai ya faɗa daidai gindin wani tsohon ginshiƙi. Na biyu ma haka. Na uku ma. Mai atamfa ya ga ginshiƙin da ya tsare masa fuska tun yana saurayi ya koma gefe, ya fashe da kuka. Juwairiyya ta fara tsalle.

"Baba, ka gani! Ƙafar Sarki na fari ce ta dawo! Ginshiƙan duk sun koma mazauninsu! Har ƙofar nan mai bakan gizo za ta buɗe!"

"Ke, ubanki na fita daga kasuwa kina murna da ginshiƙi?"

Ba ta daina rubutu ba.

Sarki ya ratsa ta rumfar Roda, ya tsallake kwandon albasa, ya shigo tawa, ya bi ta tsakanin kwalayen zare. Ƙafa ta ɗari ta tsaya, audugar tana taɓa katanga. Rumfa goma cif. Duk inda nake zama da inda Roda ke zama ya zama na mai robobi da mai gishiri.

Roda ta dafa kai. "Yesu! Ni da aka ce na tsira?"

Babayo ya dubi Malam Nu'uman. Gumi na zuba daga haɓarsa.

"Saura biyu," in ji Malam. "Sarki ba ya tsayawa sai ya ba kowa nasa. A kawo tsani."

"Malam, ga ƙofar baya can," in ji wani.

"Layi miƙe yake. A kawo tsani."

Aka kawo tsani. Sarkin Kasuwa ya hau da bandejinsa, mutum huɗu na riƙe da shi ta ƙasa. A kan katangar ya jera ƙafa biyu, don kaurinta ke nan, aka ƙirga su a cikin rabon Roda. Aka ɗaga tsanin aka mayar ta waje, ya sauka a lungu. Mu kuma duk muka zagaya ta ƙofar baya a guje. Kekuna biyar suka tsaya, direbobi suna leƙowa.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Awo ake yi. Ku kashe inji."

Ya jera takwas a faɗin lungun, ta takwas ta tsaya a bakin dokin ƙofar wani tsohon zaure. Aka buga turke. Malam Nu'uman ya ce, "Roda, daga kan katanga zuwa nan naki ne. Allah Ya sa albarka."

"Malam, hanya ne fa!"

"Da hanya ce."

Gidan na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Hajja. Aka yi sallama sau uku. Ta fito tana dogara sanda, ta dubi taron, ta dubi gudumar, ta dubi ƙafafun Babayo ta daɗe.

"Kasuwa ce ta dawo?"

Muka dubi juna.

"Ku shigo. Tun da aka kawo ni gidan nan surukina ke cewa a riƙa share zauren, kasuwa za ta dawo. Shi ne mai rumfa ta goma a zamanin mai kurkunu. Nan ƙafar ta jefo shi. Ya gina zaure a kan rumfarsa, ya yi aure ya gina ɗaki a baya, da aka sake awo ya ce ya gaji da tashi." Ta matsa gefe. "Shekara hamsin da shida ina shara. Wane ne mai rabon?"

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji.

Babayo ya jera goma a cikin zauren, ta ƙarshe ta tsaya daf da bangon ciki. Juwairiyya ta ɗaga kai tana kallon rufin, azara ce a jere irin ta Layin Gabas, har da ɗan alkukin ajiye kaya a bango. Ta ce babi guda na kundinta ta samu. Ni na tsaya a cikin inuwa mai sanyi, ƙasa a share, ina kallon Roda ta ƙofa tana tsaye a rana tsakanin kekuna. Na yi lissafin da ko ban je sakandare ba zan iya. Da ban sayi takalmin nan ba, da ita tana cikin kasuwa, ni ne a lungun.

Kwana uku na kasa haɗa ido da ita. Ta kafa teburinta a jikin katanga, ta bar wa keke ɗan abin da zai wuce da ƙyar. Rana ta farko wani ya take mata kwandon tumatir, ta sa ya sauko ya kwashe da hannunsa. Hayaƙi a fuskarta tun safe, ga hon, ga rana. Ni kuma a zaure babu ko ƙuda. Teloli suna zuwa tsohon wurina su tarar da mai robobi su juya. A kwana ukun allura biyu na sayar, duka Hajja ce ta saya, ta biyun ma don tausayi ne.

Na gaya wa Juwairiyya gaskiya. Ta ajiye bironta.

"Baba, lamba nawa ka saya?"

"Arba'in da ɗaya."

"Innalillahi. Sai ka gaya wa Anti Roda."

"Ba za ki sa a kundin ba ko?"

"Zan ce dalilai na lafiya."

Na fita na tsaya a gaban teburin. "Maƙwabciya, akwai maganar da..."

"Na sani."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Ni na sayar da almakashin. Ƙanin Sarki ya ce takalmin Malam Abdulsalami ne ya ƙi fita, amma kar a gaya maka, kar ranka ya ɓaci." Ta kori ƙuda daga kan tumatir. "Ranka! Na ce maka kar ka yi dabara ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"To."

"Mu yi musanya. Ki shiga zaure, ni in fito lungu. Ai nan ne wurina tun farko."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? A nan? Keke ɗaya ya yi hon allurai ɗari biyar za su watse, ka mutu kana tsinta."

Duk da haka na je wurin Malam Nu'uman na tambaya ko al'ada ta yarda da musanya. Ya ce kamar an taɓa yi, kamar kuma ba a taɓa ba, in ba shi lokaci ya tuna. Na tambaya ko za a sake awo in ƙafar ta saɓe. Ya ce sau ɗaya ne a sarauta. Babayo shekararsa arba'in da uku, ba ya shan taba, nono yake sha kullum, kuma an ce kakansa ya haura ɗari.

Yanzu abin da muke yi shi ne, in rana ta take sai in janye tiren zarena, Roda ta zauna a dokin ƙofa, jikinta a inuwata, ƙafafunta a rumfarta. Duk keken da ya maƙale a gaban teburin sai ta tallata wa fasinja tumatir, in ya ce ba ya so ta ce, "To maɓallin rigarka ya kusa faɗuwa, mai allura na ciki." Jiya teloli biyu suka gano ni ta haka. Hajja tana aiko mana da kunu, tana kuma faɗa in na bar zare a ƙasa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Sarki ya biyo ta lungun. Ƙafar ta warke. Ya kai takalmin wurin mai gyara an ɗinke inda aka yanka, da baƙin zare irin wanda nake sayarwa, kuma yana sanye da shi. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya ɗaga ƙafa ɗaya don in gani.

"Malam Abdulsalami, har yanzu ina godiya."

Na ce Allah Ya ja zamanin Sarki. Ya wuce yana ɗingishi.

Har yau ban sani ba ko ya san dalilin kyautar. Malam Nu'uman bai tuna hukuncin musanya ba tukuna. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, duk ruwan indararon kasuwa kuma ta lungun nan yake bi, kuma babu wanda ya san inda Roda za ta sa teburinta ranar da aka yi ruwan farko.